Yadda ake auna ƙasa da ƙasa

A shekarar 1977, ƙarƙashin mulkin soja, Birazil ta halatta rabuwar aure. Ajantina ba ta yi haka ba sai 1987, Cile kuwa sai da ta kai 2004. Duka ukun a Kudancin Amurka suke, duka ukun mabiya ɗarikar Katolika ne ke da rinjaye a cikinsu, cocin da ba ta yarda a warware auren da aka ɗaura ba, kuma duka ukun sun ɗanɗani mulkin soja. To me ya raba su har da tazarar shekara 27? Mai gaggawa zai ce addini ne, ya kaɗe rigarsa ya tashi. Ai kuwa addinin nasu ɗaya ne. Daga inda amsar gaggawa ta tsaya, nan aikin masanin kwatanta siyasa yake farawa, kuma cikin waɗanda suka iya wannan aiki akwai Farfesa Mala Htun ta Jami'ar New Mexico a Amurka, wadda ta rasu a farkon 2025.

Matakin farko shi ne zaɓen ƙasashen da za a jera, kuma a nan rabin gwanintar take. Manomin da ke son gwada iri biyu ba ya shuka ɗaya a fadama ɗaya a jigawa. Gona ɗaya yake rabawa, ruwa ɗaya, taki ɗaya, don in amfani ya bambanta ya san irin ne. Haka Htun ta yi a littafinta na 2003: ta ɗauki ƙasashen da suka yi kama da juna a kusan komai, sannan ta bi tarihin kowace doka daki-daki, daga wanda ya rubuta daftari zuwa wanda ya hana shi wucewa. A Birazil ta ga cewa limaman coci suna sukar sojoji kan azabtar da fursunoni, dangantaka ta yi tsami, shugaba Ernesto Geisel kuma ya rage yawan ƙuri'un da ake bukata kafin a gyara tsarin mulki. Ta wannan kafa Sanata Nelson Carneiro, wanda ya daɗe yana fafutukar dokar rabuwar aure, ya shigar da ita. A Cile kuwa coci ce ta ba 'yan adawa mafaka a zamanin mulkin soja na Pinochet, don haka da suka hau mulki a 1990 kunyarta suke ji. Abin da ya raba ƙasashen ke nan: yadda ake zaman coci da gwamnati a kowace.

Mataki na biyu ya fi cin rai, wato karanta doka har ƙananan layukanta. A 1991 Ajantina ta kafa dokar kaso, wadda ta tilasta wa kowace jam'iyya ta ba mata kashi 30 cikin ɗari na 'yan takararta. Birazil ma ta yi dokar kashi 30. Wanda ya tsaya a kan lamba zai rubuta su a layi ɗaya. Mai bincike na gaskiya sai ya nemo takardar ƙuri'a ya duba. A Ajantina jam'iyya ce ke jera sunaye, mai zaɓe ya dangwala wa jerin baki ɗaya, kujeru kuma a raba su daga sama zuwa ƙasa. Saboda haka tambayar ita ce, a wane layi aka sa macen? In a ƙarshen jeri take, ta zama ado kawai, shi ya sa matan ƙasar suka yi ta zarya a kotu har aka wajabta sa su a guraben da ake iya ci. A Birazil kuwa mutum ɗaya ake zaɓa daga cikin jerin, kowa da kuɗin kamfen ɗinsa, sai ga mata sun shafe shekaru ba su wuce kusan kashi 10 na majalisar wakilai ba. A Meziko a 2009 wasu mata sun ci zaɓe, ba a jima da rantsar da su ba suka nemi sauka don mazan da aka rubuta a matsayin madadinsu su hau. Babu teburin alƙaluma da zai nuna maka wannan. Sai ka je, ka zauna a bakin ofishin 'yar majalisa har ta samu sukuni, ka tambaye ta, ka tambayi sakataren jam'iyya, ka gwama maganganunsu da kundin zaman majalisa.

Abin da ya fi burge ni shi ne wata tambaya da Htun ta yi a 2004. Ta lura cewa mata galibi kason takara ake ba su a cikin jam'iyyu, amma 'yan asalin ƙasa, wato al'ummomin da 'yan mulkin mallaka suka tarar a wurin, da sauran ƙananan ƙabilu, kujeru ake keɓe musu a majalisa. Mawori na New Zealand suna da irin waɗannan kujeru tun 1867, tsarin mulkin Kolombiya na 1991 ya ware wa 'yan asalin ƙasar kujeru 2 a majalisar dattawa. Bayaninta mai sauƙi ne da zarar an ji shi: mata suna cikin kowace jam'iyya da kowane gida, ƙabila kuwa sau da yawa tana da yankinta, har da jam'iyyarta. Nijar ta haɗa duka biyun kafin juyin mulkin 2023: dokar kaso ta mata da aka kafa a 2000, da mazaɓu na musamman 8 na ƙananan ƙabilu irin su Tubawa da Larabawa da Gurmawa.

Sai ta kai tambayar Bolibiya, inda ta fi wuya. A ƙidayar 2001, kashi 62 na baligan ƙasar sun ce su 'yan asali ne, Evo Morales ɗan ƙabilar Aymara ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 2005. Duk da haka kujeru 7 kacal cikin 130 aka keɓe wa ƙananan al'ummomin asali, mata kuwa suka samu dokar raba daidai, namiji ɗaya mace ɗaya har ƙarshen jeri, har suka haura rabin majalisar wakilai a 2014. Ita da abokin aikinta Juan Pablo Ossa sun gano cewa matan birni da na ƙauye sun haɗa kai a kan buƙata guda, ƙungiyoyin 'yan asali kuwa kansu ya rabu, jam'iyya mai mulki kuma ba ta son kujerun da ba ta da tabbacin riƙewa.

Akwai kuma aikin da ba a gani, na mayar da doka lamba. Htun da Farfesa Laurel Weldon sun ɗauki ƙasashe 70, suka duba kowace a 1975 da 1985 da 1995 da 2005, suna ba gwamnati maki har 10 a kan abin da ta yi game da cin zarafin mata: shin akwai gidan mafaka, an gyara doka, an horar da 'yan sanda da alƙalai? Kowane maki sai da takardar shaida a bayansa, kuma ma'auni ɗaya ne ga Indiya da Kanada da Nijeriya. Da suka gama lissafi a 2012, abin da ya fi tasiri wajen sa gwamnati ta motsa ya zarce arzikin ƙasa, ya zarce yawan mata a majalisa: ƙungiyoyin mata ne masu zaman kansu, waɗanda ba jam'iyya ko gwamnati ke juya su ba.