Rubutun Yau da Mai Karatun Gobe: Nazari a Kan Alƙalamin Abubakar Imam

Me ke sa rubutun da aka yi domin ranarsa ya ci gaba da karantuwa bayan ranar ta shuɗe? A ganina, amsar tana cikin aikin jarida na Abubakar Imam.

A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam na editanta. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya ziyarci Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, har da Nnamdi Azikiwe. Abin da ya gano shi ya haifar da littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944.

Labaran wancan lokaci sun tsufa, amma muryar mai ba da su tana nan da ranta. Imam ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya auna baƙon abu da mudun gida, ya kuma yi wa mai karatu magana tamkar suna zaune a zaure ɗaya. Shaida, ma'auni da ladabin zance su ne jarinsa.

Inda nake da ja da shi shi ne yawan nasiha. Duk inda malami ya danne mai ba da labari, sai zancen ya yi nauyi. Haka kuma, jaridar da ta reni alƙalaminsa tana ƙarƙashin ikon Turawan mulkin mallaka, don haka wajibi ne manazarci ya lura da abin da aka faɗa da wanda aka haɗiye.

Marubucin da ke neman a karanta shi gobe, sai ya fara da tambayar kansa: me na gani da idona, kuma wa nake gaya wa?