Fassarar Haske: Hotunan Seydou Keïta a Gaban Na'urar Sikana

Ɗaliban adabi sun san cewa duk wanda ya ɗauko waƙa daga wani harshe zuwa wani, sai wani abu ya zube masa a hanya. Da wannan ido nake kallon aikin kwafar tsofaffin hotunan fim da na'urar sikana. Fassara ce, kuma ya dace a auna ta da mudun da muke auna mafassari da shi. Zan kafa hujja da aikin Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto na Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, ya rasu a 2001.

Keïta ya yi aiki da babban fim mai faɗin santimita 13 da tsawon 18, yana wanke hoton daidai girman fim ɗin, ya miƙa wa mai shi. Fim marar launi yana riƙe haske ne cikin ƙwayoyin azurfa da ke warwatse ba bisa layi ba. Ita kuwa sikana yanka hoton take yi ɗigo-ɗigo, a jere kamar kunyoyin gona, ta ba kowane ɗigo lamba. In an adana shi a tsarin bit 8, matakai 256 kacal ke tsakanin baƙi ƙirin da fari fat, alhali tsarin bit 16 yana ba da 65,536. In kuma aka matse shi zuwa JPEG don sauƙin aikawa, sai a karkasa shi gida-gida, ɗigo takwas a tsaye takwas a kwance, a zubar da ƙananan bambance-bambancen da ake zaton ido ba zai lura da su ba.

Gwanintar Keïta kuwa a cikin waɗannan ƙananan bambance-bambance take. Yakan zaunar da mace sanye da atamfa mai zane a gaban labule mai nasa zanen, har zanen biyu su yi gogayya, fuskar ta fito a tsakaninsu da natsuwa. Matsewa tana dagula zanen, ya koma kamar tabo. Ƙara kaifin baƙi da fari, wanda masu gyara ke so don hoto ya ɗauki ido a waya, yana haɗiye inuwoyin da ke kan baƙar fata, sai kunci da goshi su zama abu guda. Ko fasahar goge ƙura ta Digital ICE ba ta aiki a irin wannan fim, domin azurfa tana tare hasken da take amfani da shi. Dole mutum ya goge da hannu, kuma hannun da bai san tsagar fuska ba yana iya ɗaukarta karce.

Duk da haka, ban goyi bayan masu ƙyamar sikana ba. Zafi da laima suna cin fim, har wani ya riƙa warin tsami yana kanannaɗewa, kuma da yawanmu da ba mu taɓa taka Bamako ba ta fuskar kwamfuta muka san Keïta. Da babu gara ba daɗi. Abin da nake ƙi shi ne a gabatar da kwafi a matsayin asali. Mafassari mai amana yakan faɗi daga wane bugu ya fassara. Haka ya kamata mai sikana ya kwafa daga fim ɗin kansa, ya adana a TIFF ba tare da matsewa ba, ya rubuta girman hoton na ainihi da duk gyaran da ya yi, sannan ya killace fim ɗin, domin na'urar gobe za ta karanto abin da ta yau ta tsallake.