Gilashi Mai Gusawa da Karkata: Filin Tsayuwa Ne Ke Zaɓen Milimita

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin dogon gini ya ɗaga kyamara sama ya san abin da ke biyowa. Bangon dama da na hagu su riƙa matsowa juna, ginin ya fito kamar zai kife ta baya. Dalili shi ne farantin da hoto ke sauka a kansa ya daina tsayuwa daidai da bango. Don magance haka aka ƙera gilashin kyamara mai zana da'irar hoto da ta fi farantin faɗi sosai, ta yadda za a gusar da shi sama, kyamara kuwa tana tsaye cak. Nikon ne ya fara fitar da irinsa ga ƙananan kyamarori a 1962, mai milimita 35. A 1973 Canon ya fitar da nasa, wanda ke gusawa kuma yana karkata.

Daga nan wata ƙa'ida ta kafu a bakin masu sana'ar: milimita 17 ko 24 na gine-gine ne, 24 ko 45 na shimfiɗar ƙasa, 90 na kayan talla. Ƙa'idar ta bi sawun abin da ke kanti ne. Canon ya fito da 24 da 45 da 90 a 1991, ya ƙara 17 a 2009, sannan 50 da 135 a 2017. Nikon na da 24 da 45 da 85, ya kawo 19 a 2016. Inda nake ja da ƙa'idar shi ne, tana maganar irin aikin, ta manta da abin da ya fi komai hukunci, wato iya nisan da mai hoto zai iya ja da baya.

A ɗauki hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27. A kyamarar da farantinta ke da milimita 36 da 24, in an riƙe ta a tsaye aka gusar da gilashi milimita 12, mai 24 zai kamo ƙololuwar daga nisan kimanin mita 20. Mai 17 zai kamo ta daga kusan mita 15, mai 50 kuwa sai an ja baya fiye da mita 40. Dukkansu za su miƙar da layuka, amma hotunan ba ɗaya ba ne. Wanda ya tsaya kusa yana kallon itatuwan da suka fito daga jikin hasumiyar ta ƙarƙashinsu, katangar gabansa ta kumbura, abin da ke gefen hoto ya miƙe fiye da ƙirarsa. Wanda ya tsaya nesa ya fi ganin ginin da girman da magini ya auna masa. Saboda haka a ganina, gilashin da ya dace shi ne mafi tsawon da fili ya yarda da shi. Masu rububin sayen 17 don wai ya fi kwasowa sukan ƙare da hotunan da rabinsu ƙasa ce da sama.

Ginin ƙasa irin namu ya ƙara wa maganar nauyi. Bangon tubali ana fara shi da kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, hasumiyar Agadas ɗin ma tsukewa take yi. Idan aka ɗaga kyamara, tsukewar ƙarya ta hau kan ta gaskiya, mai kallo ya kasa rabewa. Idan aka gyara a kwamfuta, mai gyaran yakan ja bangon har ya miƙe sak, ya share abin da magini ya yi da gangan, zankwaye su fito a baje. Gilashi mai gusawa a kan kyamarar da aka daidaita tsayuwarta yana barin bango da ainihin ƙirarsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tattara tarihin gine-ginen da damina ke ci kowace shekara. A lungunan tsohon birni, ko a cikin soro mai bakan gizo inda bango ke taɓa bayanka, a nan ne 17 ke cin kuɗinsa.

Karkatarwa wani aiki ne daban. Tana kwantar da shimfiɗar da hoto ke fitowa tar a kanta, bisa ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Austiriya. A hoton gona ko fadama, idan kyamara na mita ɗaya da rabi daga ƙasa, karkatar digiri ɗaya ta ishi mai 24 ya fito da komai, daga kunyar da ke gabanka har bishiyoyin nesa. Mai 90 yana bukatar kusan digiri uku da rabi. Gajeren gilashi dama yana fito da kusa da nesa ba tare da wahala ba, don haka a shimfiɗar ƙasa amfanin karkatarwa ya fi bayyana daga 45 zuwa sama. Yayin nan na karkatar da gilashi ta baibai don gari ya yi kama da kayan wasan yara bai taɓa burge ni ba.

A kan tebur, inda ake ɗaukar takalmin fata ko sarƙa ko kwalbar turare, dogon gilashi ne ke da ta cewa. Yana ba da tazarar ajiye fitilu, ba ya kumbura bakin takalmi ya tsuke dunduniya. A irin wannan kusancin abin da ke fitowa tar siriri ne ƙwarai, matse ƙofar haske da yawa kuma na rage kaifin hoton gaba ɗaya, sai karkatarwa ta kwantar da kaifin a kan tsawon sarƙar. Gusarwa gefe kuma tana fitar da hoton kyamarar kanta daga jikin kwalba ko madubi. Sai dai tsawo na da iyaka. Waɗannan gilasai ba sa wuce digiri 8 zuwa 10, kuma a digiri 10, in kyamara na kallon gaba sak, mai 90 yana son tebur ya kasance kimanin santimita 52 ƙasa da shi, mai 135 kuwa kusan 78. Mai ƙaramin ɗaki gara ya tsaya a 90.