Minti 18: Taka-tsantsan da Himma a Shirin Idin Ƙetarewa

Tun saura kwana 30 ga Idin Ƙetarewa, wanda Yahudawa ke kira Fesa, Talmud, kundin koyarwar malamansu, ya ce a fara tambaya da karantar da hukunce-hukuncensa. Idin na tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar cikin gaggawa, kwaɓinsu bai samu kumbura ba. Shi ya sa a kwanakin idin, 7 a Isra'ila, 8 a wasu ƙasashe, ba a cin abin da aka yi da alkama, sha'ir ko danginsu idan ya kumbura, ba a ma ajiye shi a gida.

A daren 14 ga watan Nisan na kalandar Yahudawa, gab da idin, maigida kan kunna kyandir ya bi lungu-lungu yana neman ɓurɓushin burodi, wasu da gashin tsuntsu da cokalin katako. Washegari da hantsi a ƙone abin da aka samu. Malaman Yahudawa sun daɗe suna kamanta yisti da son zuciya, abin da ke kumbura mutum, don haka binciken ɗaki ya zama binciken kai.

Amma gurasar idin, matsa, ta fi bayyana taka-tsantsan da himmar da ke cikin shirin. Daga sa'ad da ruwa ya taɓa gari har ta shiga tanda, ba a wuce minti 18. Masu tsanantawa kan tsare alkamar tun daga girbi kada danshi ya taɓa ta. Ga tsaro na watanni, ga aiki na mintoci. Malamin Yahudawa Moshe Luzzatto, a littafinsa Mesilat Yesharim da aka buga a Amsterdam a 1740, ya jera halayen nan biyu: taka-tsantsan da farko, himma a bayansa. A wurinsa na farko ke hana mutum aikata mummuna, na biyu ke hana shi jinkirta kyakkyawa. Mai kwaɓin da ya cika dubawa zai makara, mai rawar jiki kuma zai bar ɗanyen gari a tsakiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne al'adar ta san cutar da ke cikinta, wato waswasi. Mishna, tsohon kundin dokokin Yahudawa, ta ce kada a damu ko wata ƙaramar dabba ta jawo gutsure daga wani gida bayan an gama bincike, domin in aka bi wannan, abin ba shi da iyaka. Don haka maigida kan furta cewa duk abin da ya kuɓuce masa ya soke mallakarsa.

Duk da haka a aikace nauyin yakan faɗa kan mata, da goge-gogen da ya zarce abin da dokar ta nema. Ana ba da labarin Rabbi Isra'ila Salanter, wanda ya rasu a 1883, cewa da almajiransa suka tambaye shi abin da za su fi kula da shi a gidan gashin matsa, sai ya ce kada su yi wa matar da ke kwaɓi tsawa, domin mijinta ya rasu.