Wa ake kira mai rufin asiri?

Kwanan nan na lura masu fassara labarai a rediyo sun kama wata magana sun riƙe: "masu matsakaicin ƙarfi". Da ita suke nufin mutanen da ba su kai attajirai ba, amma sun ɗara talaka. Ni dai kunnena ya ƙi karɓarta. A Kajiji ban taɓa jin an je binciken mai neman aure an dawo an ce matsakaici ne ba. Abin da ake gaya wa uban yarinya shi ne, "Yaron yana da rufin asiri."

Maganganun biyu ba mudu ɗaya suke awo da shi ba. Ta rediyo aljihu take leƙawa, nawa ke shiga a wata. Rufin asiri kuwa abin da maƙwabci bai gani ba yake dubawa: an ɗora tukunya safe da dare, uwargida ba ta aiki yaro da kwano gidan kowa ba, in ɗa ya kwanta an kai shi asibiti a Shagari ko Sakkwato ba tare da an yi karo-karo a masallaci ba. Manomin da geron rumbunsa ke kai shi wata kaka bai san albashi ba, amma wa zai ce asirinsa a buɗe yake?

A da malamin makaranta ne abin misali. Alhaji Shehu Shagari da alli ya fara kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, kuma dattawa har yau suna labarin ƙarin albashin Udoji na zamanin Gowon, lokacin da ma'aikata suka yi ta sayen babura da rediyo. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya birkice. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma malamin da masana ke kira matsakaici sunansa na cikin littafin bashin mai shago tun kafin wata ya raba. Asirin nasa yanzu a hannun mai shagon yake.

Ban ce maganar tamu ta rufin asiri ba ta da aibi ba. Kowa na fakewa bayanta. Tambayi Alhajin da tirelolinsa uku ke kan hanyar Legas yaya kasuwa, sai ya sunkuyar da kai, ya ja carbi, ya ce, "Rufin asiri dai, malam."