Ƙamusun Bargery da Dabbobin Dajin Ƙasar Kazaure

An saba ɗaukar ƙamusun G. P. Bargery, wanda aka buga a 1934, a kan littafin neman ma'anar kalma kaɗai. Amma wanda ya zauna ya bi shi shafi shafi zai tarar da wani abu daban, watau labarin zaman Hausawa yadda wani baƙon malami ya gan shi, ya kuma ji shi, cikin shekaru kusan talatin. Bargery ya zo ƙasar nan a 1900 cikin ma'aikatan mishan, daga baya ya shiga Ma'aikatar Ilmi a 1912, kāna aka ɗora masa aikin ƙamus a 1921. Kalmomin da ya tara sun kai wajen 39,000, ya kuwa nuna karin sauti da tsawon wasali, abin da waɗanda suka gabace shi ba su yi sosai ba.

Ƙarfin littafin yana wajen zaman gida da kasuwa. A nan ba idon baƙo ne ya yi aikin ba, kunnensa ne, gama yana tare da malamai 'yan ƙasa, irin su Malam Mahmudu Ƙoƙi na Kano, wanda Neil Skinner ya fitar da labarin rayuwarsa a 1977. Saboda haka kayan saƙa da rini da jima, da sunayen riguna, da irin maganar da ake yi wa marowaci ko malalaci, duk sun fito da cikarsu. Ƙarƙashin kalmar ƙato kaɗai ya jera ɗaruruwan kalmomi masu nuna girma. Wanda ya yi wannan lalle ya daɗe zaune a zaure yana sauraro.

Amma fa da aka fita ƙofar gari sai hasken ya ragu. Manyan tsuntsaye da dabbobin da kowa ya sani, irin su gauraka da balbela da hankaka da dila, an ba su sunansu daidai. Ƙananan kuwa sau da yawa abin da mai karatu zai samu bai wuce a ce masa wani irin tsuntsu ne ba. Ba za a ɗora wa Bargery laifin wannan duka ba. Wajen itatuwa da ciyayi yana da madogara, tun da J. M. Dalziel ya riga ya fitar da littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Wajen tsuntsaye kuwa babban aikin D. A. Bannerman bai fara fita ba sai 1930, bai ƙare ba sai 1951, watau shekara 17 bayan ƙamus. Har wa yau masu ba shi labari yawancinsu mutanen allo da alƙalami ne. Sanin daji yana hannun maharba da makiyaya da yara masu tsaron gero, su kuwa ba safai ake kiransu zauren Bature ba.

Ƙasar Kazaure wuri ne mai kyau na gwada wannan magana. Masarautar ta samo asali daga Ɗantunku, wanda ya yanke ta daga gefen Kano da Katsina da Daura a farkon ƙarni na 19, saboda haka karin harshen wuraren nan uku ya haɗu a bakin mutanenta. Bargery ya kafa littafinsa bisa Hausar Kano, yakan kuma sa alama a kan kalma ya nuna ta Katsina ce, ko ta Sakkwato, ko ta Daura. Alamar nan tana faɗin inda aka ji kalmar ne kawai, ba ta faɗin inda ta tsaya ba. Yaro daga Gwiwa, wanda kasuwarsa da danginsa suka karkata wajen Katsina, da yaro daga Babura, wanda ya tashi a bakin iyakar Nijar, suna iya kiran tsuntsu guda da suna biyu, kowannensu kuwa da gaskiyarsa. Malamin da ya ɗauki jan alƙalami ya soke na ɗayansu don bai same shi a ƙamus ba, ya ɓata abin da marubucin ya yi ta yawo ƙasa ƙasa yana nema.

Akwai kuma wata illa da ba ta rabuwa da kowane ƙamus, ita ce jerin baƙaƙe. Abubuwan da suke tare a daji sai a warwatsa su cikin shafi dubu da wani abu. Mutumin Roni ya san duwatsun ƙasarsu da abin da ke zaune cikinsu tamkar gida guda, ya san wanda ke fitowa da hantsi ya sha rana, da wanda ba ya motsi sai magariba. Manomi ba ya tunanin shamuwa sai tare da gyaran gona, domin zuwanta shi ne busharar damina. Maharbi ba ya ambaton burtu ba tare da tuna kan nan da yake ɗaurawa a goshi ya yi sanɗa da shi ba. Ƙamus yakan taɓa irin wannan da jimla ɗaya ko karin magana, amma lokaci da wuri da dangantaka, waɗanda su ne ainihin ilmin, ba su da mazauni a cikinsa. Ko ƙamusun R. C. Abraham na 1949, wanda ya fi shi yawan misalai na jimloli, bai toshe wannan kafa ba, don shi hankalinsa yana kan ginin harshe ne.

Da a ce dajin yana nan yadda Bargery ya bar shi, da gyaran ba wuya, sai a aiki ɗalibai su tambayo. To, ba ya nan. Gauraka, wadda a dā ake jin kukanta a fadamun Arewa, yanzu da ƙyar ake ganinta a Nijeriya. Ungulu, wadda ba a raba ta da mahauta, ta yi ƙaranci har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya. Kura ta koma cikin tatsuniya a yawancin ƙauyuka. Ashe ke nan wasu kalmomin littafin sun rasa abin da za a nuna wa yaro da yatsa, inda kuma marubucin ya taƙaita bayani, masu iya cika shi tsofaffi ne.

Jami'ar Ahmadu Bello ta sāke buga ƙamusun a 1993 tare da ƙarin kalmomi daga Skinner, wannan kuwa taimako ne babba. Sai dai ƙarin da ƙasar Kazaure ke bukata ba na tebur ba ne. Ɗalibin kwalejin horon malamai da zai tafi hutu Roni ko Gwiwa yana iya ɗaukar sunaye ashirin daga littafin, ya kai wa sarkin baka ko wani dattijon makiyayi, ya rubuto yadda ake faɗinsu a can, da watan da ake ganin mai sunan, da abin da yake ci, da shekarar da aka yi masa ganin ƙarshe.