Sauti Biyar a Wuyan Jita

Sautuka bakwai ake koya wa ɗalibin kiɗan Turai: do, re, mi, fa, so, la, ti. Cire fa da ti, sai a bar ka da biyar, abin da makaɗa ke kira babban fentatonik. Su biyun nan da aka kora su ne masu rigima, domin gaɓa ɗaya tak ta raba fa da mi, haka ma ti da do, kuma a nan ne hannun ɗan koyo ke zamewa kunne ya ji tsami. Da zarar sun fita, tazarar kowane sauti da maƙwabcinsa gaɓa biyu ce ko uku, duk inda yatsa ya sauka da wuya ya ɓata waƙa.

Abin burgewa, jitar da aka ɗaure yadda aka saba, tsirkiyoyinta shida ba su da wani sauti sai G, A, B, D da E, wato do, re, mi, so da la na fentatonik na G ke nan tun kafin ka danna komai. Kaɗa tsirkiya ta uku daga ƙasa a sake, danna gaɓarta ta biyu, koma ta biyu a sake, danna gaɓa ta uku, sai ta ƙasa a sake, ka ƙare a gaɓarta ta uku. Ka hau tsanin gaba ɗaya da yatsu biyu.

Haddace fasali biyar na fentatonik da suka rufe wuyan jita aikin maimaici ne, kowa zai iya. Gwaninta tana wajen sauka. Waɗannan sautukan dai, in makaɗi ya riƙa komawa E yana hutawa, sai kiɗan ya yi nauyi irin na bulus. In G ya mayar gida, sai ya washe. Gwani yana sauraron rakiyar da ake yi masa, ya ja tsirkiya daga re ta kai mi, ya yi shiru inda ɗan koyo zai cika wuri da gudu.

Saurari jitar Robert White a farkon "My Girl" ta ƙungiyar Temptations, wadda Motown ta fitar a Ditiroit a 1964. Hawa ne kawai daga do zuwa do na sama, ba gaggawa, ba ado, amma har yau ana jin sa ake gane waƙar. Kunnen da ya saba da jitar Ali Farka Ture ko ta samarin Agadas ba zai ji baƙunta ba, don su ma kan sauti biyar aka gina yawancin kiɗansu.